Ledar Farantin Hoto

Shirin Acan ba mai wuya ba ne. Kafin Likita, mijin yayarsa, ya dawo daga tafiya, zai mayar da ɗakin hoton ƙashi na asibitinsu irin na can, yadda in Likita ya shigo zai tsaya a bakin ƙofa, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya ce masa riƙe makullin nan har abada.

Acan ba sunansa na gaskiya ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Tun da ya dawo daga shekarun da ya yi a waje, ba ya fara magana sai da "a can". In aka ba shi ruwa, a can ba a shan ruwa haka. In hadari ya haɗu, a can hadari ba ya tasowa sai an sanar. 'Yan unguwa suka gaji suka laƙaba masa sunan, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce, har yana amsawa da ɗaga hannu. Ya gaya wa kowa cewa a babban asibiti ya yi aiki, a sashen da manyan likitoci ma sai sun bi ta hannunsa. Kuma bai yi ƙarya ba, don shi ne mai ɗaga sandar ƙofar wurin ajiye motoci.

Abin da ke hana shi barci shagon Baba ne. Tsohon ya gaji, gwiwa ta ƙi, ya riga ya ajiye masa kujera a tsakanin bokitai da igiyoyi, daidai inda duk wanda suka yi makaranta tare zai wuce ya gan shi yana cinikin tsintsiya. Yayarsa ce ta tsaya masa, ta yi ta lallaɓa mijinta har ya yarda a gwada shi. Matar da ke ɗaukar hoto ta tafi hutun haihuwa, Likita kuma zai je taro, saboda haka ɗakin zai zauna a rufe. Aikin Acan kawai ya share, ya goge ƙura, ya hana ɓera shiga. In Likita ya dawo ya tarar da ɗakin yadda ya bar shi, zai sa shi koyon aiki a hannun Mai Hoto. In ba haka ba, kujerar Baba na jira.

Motar Likita ba ta gama shan kwana ba Acan ya kulle kansa a ɗakin, ya ciro faranti. Farantan biyu ne, babba na ƙirji da ƙarami na hannu da ƙafa, kowanne a cikin siririn akwatinsa. Kafin ta tafi, Mai Hoto ta yi masa bayani: farin garin da ke manne a fuskar farantin shi ke riƙe hoton idan haske ya ratsa jikin mutum, sai a sa a na'ura ta karanta ta fitar a kwamfuta. A saman garin kuma akwai wata fata siririya mai haske kamar ruwa, ita ke tare gumi da danshi da ƙarce. Acan ya ji rabin farko. Rabin ƙarshen ya zo ne lokacin da yake ba ta labarin yadda na'urorin can ke gaishe da majiyyaci.

Ya karkata babban farantin wajen taga, ya ga sheƙi, ya shafa da yatsa, sai ya fashe da dariya shi kaɗai. Leda ce. Ledar kamfani. Irin wadda mutum zai sayi kujera ya bar ta a kai har ta yage da kanta, ya sayi mota ya shekara yana zamewa a kan kujerar direba don kada a ce ta tsufa. Ya leƙa ya kira yayarsa daga teburin karɓar baƙi.

"Yaya, shekara nawa kuna ɗaukar hoton mutane ta cikin leda?"

Ta ce ita ba ta san leda ba, abin da ta sani Mai Hoto ta ce kada a taɓa fuskar farantin ko da numfashi.

"Mai Hoto," in ji shi, "ai na je gidanta barka. Har agogon bangonta a leda yake."

Yaya ta san gaskiya ne. Ya ce ta ara masa allura. Ta ɗauko masa wadda take ɗinke maɓallin rigunan Likita, ta ce Auta ka bi a hankali. Ya ce a can da ido rufe ake wannan.

Ledar ta ƙi ɓarewa. Ya tsokali kusurwa da allura, ya tsokali wata, ya ce daɗewa ce ta sa ta kama jiki. Ya ɗauko reza. Da reza ta fara tasowa zare-zare, kowane zare yana tafiya da farin gari. Ya hura garin, yawu ya biyo iskar. Ya goge da gefen riga, gumin goshinsa ya ɗiga ya yi wa wurin tabo rawaya. Da yake mutum ne mai son gama aiki, bai tsaya duba babban ba sai da ya feɗe ƙaramin shi ma.

Sannan ya yi gwaji. Ya ɗora takalminsa a kan ƙaramin faranti, ya koma bayan bango yadda ya ga Mai Hoto na yi, ya danna. Abin da ya fito a kwamfuta ya yi kama da sararin sama ana dab da ruwa, da wani abu kamar kifi yana iyo a tsakiya. Ya daɗe yana kallo. Bai ce wa kansa ya yi kuskure ba. Ya ce ashe ledar na da amfani, illarta dai ta tsufa, kuma a can duk bayan lokaci ake sabunta ta.

Ya fara da ledar naɗe kaya da salatif. Na'urar ta ja farantin zuwa rabi, ta yi wani kuka kamar akuya ta maƙale a shinge, ta tsaya. Ya sa ƙafa ya tokare ya jawo, ledar ta zauna a ciki, sai da cokali mai yatsu ya zaro ta. Yaya ta ƙwanƙwasa ta ce lafiya? Ya ce na'urar ce ke sabawa da sabon tsari.

Daga nan ya je wajen kafinta ya karɓo man da ake sa wa katako ya yi sheƙi, ya shafe ƙaramin farantin da buroshi, ya jingine shi ya bushe. Wari ya cika asibitin, masu jiran magani suka fara tambaya ko an koma sayar da gado. Kafin azahar ƙudaje sun sauka a kai sun kasa tashi. Ya yi ƙoƙarin cire su, ƙafafunsu suka zauna. Ya naɗe farantin a jarida, jaridar ta manne, ya cusa shi a bayan kabad ya ce wannan dama ƙarami ne, ba a gane ƙwarewa a kansa.

Saura babban. Nan dabara ta faɗo masa, irin wadda ta sa shi tausayin masana'antu da ba su yi tunaninta ba. A ƙarshen layi akwai shagon kwafi inda ake liƙe wa mutane takardun shaida a cikin roba. Takardar da aka liƙe, ko a kogi ta faɗa ba ta jiƙewa. Ya soke allurar a kwalar rigarsa, ya rungumi faranti ya fita.

Mai shagon ya juya abin gaba da baya, ya ce shi takarda ya sani, kuma injinsa da zafi yake aiki. Acan ya tambaye shi ko ya taɓa hawa jirgi. Mutumin ya ce a'a. Acan ya ce to ya bar maganar zafi ga waɗanda suka ga duniya. Ya sunkuya da kansa yana gyara farantin a cikin robar, yana bayani da hannu biyu, allurar ta zame daga kwala ta kwanta a tsakiya, ba wanda ya ji faɗuwarta. Injin ya ja, ya fito da faranti yana sheƙi yana hayaƙi kaɗan. Mai shagon ya shafa, ya ce akwai wani ɗan tudu siriri a nan.

"Jijiyar faranti ce," in ji Acan, bai ko duba ba. "Ta nan wuta ke bi."

Ya datse gefen robar da almakashi. Na'urar ta yi nishi, ta yi tari, ta haɗiye. Bai sake gwaji ba, don a can ba a gwada gwani sau biyu. Ya je ya zauna gaban Yaya ya yi ta kawo mata hujja: mutane na zuwa da tari ana mayar da su, Likita zai dawo ya tarar ɗaki na aiki, sunan asibiti zai tashi. Yaya ta ce mijinta rufewa ya ce. Ya ce mijinta bai san an kawo tsarin can ba. Da yake tun yana goye ba ta iya ce masa a'a, ta kawar da kai.

Na farko da ya shigo Tela ne, siririn mutum mai tari, da matarsa a bayansa tana riƙe masa hula. Acan ya tsayar da shi, ya ce rungumi faranti, ja numfashi, riƙe. Hoton ya fito dusu-dusu kamar an ɗauka ta cikin labule, amma a tsakiyar haƙarƙari ga abu nan fari tas, siriri, har da ƙofar zare. Acan ya ja kujera baya. Ya kira su ya nuna musu da biro.

"Malam Tela, kana sa allura a baki in kana ɗinki?"

Tela ya ce wane tela ne ba ya sawa. Matarsa ta ajiye hular ta ɗora hannu a ka, ta ce tun aurensu take masa magana, ya ce ta yi ta kanta. Tela ya ce shi bai tuna ya haɗiyi komai ba, amma yanzu da aka faɗa, yana jin suka nan wajen hagu. Acan ya hana shi sunkuyawa, ya hana shi tari, ya hana shi dariya, ya ce barci ma a zaune har Likita ya dawo. Tela ya fita yana tafiya kamar wanda ya ɗauko kwano cike da mai, unguwa ta fito kallo.

Labarin ya yi wa Acan daɗi. Kafin rana ta faɗi an fara ce masa Injiniya, wasu Dakta, shi kuma yana amsa duka biyun.

Washegari direban babbar mota ya zo da gwiwar da ya buge a ƙofa. Da yake ƙaramin faranti na bayan kabad, aka ɗauke shi da babba. Allura a tsakiyar gwiwa. Direban ya ce shi bai taɓa ɗinka ko maɓalli ba. Acan ya ce allura ba ta tambayar sana'a, kuma in ta shiga jini take bi, duk inda ta ga dama ta sauka. Direban ya ce lallai, shi ya sa in ya taka birki yake jin tsini. Bayansa Goggo mai ciwon baya, tsohuwar da ke maƙwabtaka da asibitin, ta shigo da sandarta. Allura a ƙashin baya. Goggo ta ce ita ta daɗe da sani, tana jin ta tana yawo, 'ya'yanta ne suka ce tsufa ne.

Mutum na gari da ya ga allura ɗaya a jikin mutum uku zai tsaya ya yi tunani. Acan ma ya yi. Ya fito ɗakin jira ya tsaya a tsakiya, ya ce wannan a can sunansa annoba, kuma annoba daga abin da kowa ke ci take fitowa. Ya aika aka kira Tela, ya tambayi ukun me suke karyawa da shi. Duk suka ce burodin gidan burodin layin baya. Acan ya ɗaga gira kawai ya koma ciki. Girar ta isa.

Da safe layin gidan burodi babu kowa. Waɗanda suka riga suka saya suka zauna suna farfasa shi a faranti kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Wata ta ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo tana bi da shi kan yanka-yanka. Wani ya ce dama ya lura burodin na ƙara nauyi. Tela kuwa ya rame, idonsa ya faɗa, in wani ya fara ba da labarin ban dariya matarsa sai ta kore shi daga ƙofar gida.

Mai Burodi ƙato ne, mai hannu kamar faifai, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya shigo asibitin da tire cike da burodin da ya yi kwantai, rabin unguwa na biye da shi, ya dire tiren a teburin Yaya. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi gida, sannan ya ce yana son ganin mai gira.

Acan ya fito da farar rigar Likita, hannunta ya rufe masa yatsu. Mai Burodi ya ce ya kawo majiyyata, a ɗauke su hoto. Acan ya ce a can ma ana yi, ya zaɓi guda ya shiga da shi. Mutane suka cunkushe a ƙofa har ta taga. Hoto ya fito, ga allura kwance a cikin burodi. Wuri ya kaure, Goggo na cewa kun gani, Direba na neman hanya yana ɗingishi. Mai Burodi ya karɓi burodin ya tsaga shi biyu, ya tsaga huɗu, ya murtsuke shi a tafin hannu har ya koma gari, ya buɗe hannun a gaban jama'a. Babu komai.

Acan ya ce ta yi ƙaura, yanzu haka tana cikin wani. Aka ɗauki wani. Ga ta. Aka murtsuke, babu. Mai Burodi ya matsa kusa da kwamfutar ya ƙura ido.

"Injiniya, allurar nan ba ta da 'yar'uwa ne? Kullum ita kaɗai, kullum kanta na kallon hagu."

Acan ya ce allurai daga kamfani ɗaya suke, dole su yi kama.

"Kai kana cin burodina?"

"Ni?" Acan ya yi dariya ya gyara wuyan riga. "Tun da na dawo bai taɓa shiga bakina ba. Wanda ya ci na can ba ya iya wannan."

Daidai nan mutanen ƙofa suka dare, Likita ya shigo da jakar tafiya a hannu. Ya dubi garin burodi a ƙasa, ya dubi rigarsa a jikin ƙanin matarsa, ya dubi matarsa, ita kuma ta sami wani abin kallo a silin. Kowa ya fara ba shi labari a lokaci ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, ya duba hoton Tela, na Direba, na Goggo, na burodi. Sannan ya ajiye jakar a hankali.

"Ka ce ba ka cin burodin?"

Acan ya ce ko ƙanshinsa.

"To tsaya can. Rungumi faranti."

Acan ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma a can ba a ɗaukar ma'aikaci. Mai Burodi ya ɗora masa hannu ɗaya a kafaɗa, sai ya ga ashe yana iya tsayawa. Likita ya fitar da kowa, ya danna, ya sa farantin a na'ura. Da ya ji nishin da ta yi, sai da ya runtse ido. Ya buɗe ƙofa ya ce su shigo.

Ga haƙarƙarin Acan dusu-dusu, ga allura a tsakiya, kanta na kallon hagu.

Acan ya matsa ya duba da kyau, ya ce wannan ba irin tasu ba ce, in aka lura ta fi kyau, wataƙila tun can ya taho da ita.

Likita ya juya wajen na'urar. Ya buɗe akwatin farantin a gaban jama'a, ya zaro shi ya ɗaga sama. Roba mai sheƙi, gefenta a datse kamar ɓera ya ci, garin ciki duk ya zube ya yi tabo, ga allura a tsakiya an liƙe ta kamar takardar gama makaranta. Yaya ta matso ta leƙa, ta ce a hankali, "Tawa ce." Likita ya tambayi ina ƙaramin. Hancinsa ne ya kai shi bayan kabad, ya dawo da jarida mai ƙafafun ƙudaje.

Tela ne ya fara. Ya tambayi Likita ko yanzu zai iya tari. Likita ya ce ya yi. Ya yi tarin da ya tara, ya biyo shi da dariya, har ya durƙusa yana dukan ƙasa, unguwa ta kama masa. Goggo kaɗai ta ƙi, ta ce ita tata tana nan, tana jin ta. Mai Burodi bai yi dariya ba. Ya ɗauki burodi guda ya miƙa wa Acan, ya ce su je ƙofar gidan burodi ya cinye shi a tsaye kowa na gani. Acan ya ci har ɓawon, yana cewa a gaskiya ya kusa kama na can.

Likita ya karɓi rigarsa da makullinsa. Yaya ce ta raka shi bakin ƙofa, ta ce Auta, Baba ya ce da wuri yake buɗewa.

Da safe ga shi a kujerar, bokitai a dama, igiyoyi a hagu, ya ja hula har gira. Baba na zaune a ciki yana miƙe gwiwa, fuskarsa cike da kwanciyar hankali. Mai saye na farko ya taho yana tafiyarsa ta da, yana fito. Tela ne. Ya yi wa Baba sallama, ya tambayi ƙafa, sannan ya jingina da kantar shagon ya dubi Acan sama da ƙasa.

"Injiniya, a ba ni allura," in ji shi. "Ta kan kantar nan nake so, ka bar ta ƙirjinka."